Cacar ƙwallo da kuɗin kirifto: an cire wa ɗan caca birki

Wani ɗan gajeren bidiyo aka turo zauren WhatsApp ɗinmu na masu harkar kirifto, shi ya sa ni wannan rubutu. Matashi ne, Hausarsa tas, ya haska fuskar wayarsa yana koya wa jama'a daki-daki: ka sayi USDT (kwabon kirifto mai darajar dala ɗaya) wurin dillali, ka kwafo adireshin da shafin ya ba ka, ka liƙa, ka danna. Kafin ka ajiye wayar kuɗin sun shiga asusunka a wani shafin cacar ƙwallo na ƙasar waje. Da ya zo rufewa sai ya jero amfanin abin. Babu ruwanka da banki, ba a neman BVN, ba wanda zai ga alat a wayarka, kuma ba shago ba ne balle Hisba ta zo ta garƙame.

A ƙasan bidiyon mutane suna ta godiya, har da masu yi masa addu'ar ƙarin basira. Wannan ya fi bidiyon ɓata mini rai.

Ni ba na gaba da kirifto. Ina amfani da shi, na kuma san 'yan kasuwar waya da na atamfa da suke biyan abokan cinikinsu na waje da USDT lokacin da dalar banki ta gagara. Amma abubuwan nan da matashin ya lissafa a matsayin amfani, su ne ainihin illar. Ɗan caca ba ya tsayawa don ya ƙoshi, sai dai idan wani abu ya tare shi. Biya da kirifto kuwa ya zo ya kwashe masu tare shi ɗaya bayan ɗaya. Mota ce a gangare aka cire mata birki, ake tallata ta da cewa ta fi gudu.

Abin da ke tare mutum a da

A shagon caca sai ka tashi ka je da ƙafarka. Za ka wuce mai shayi, za ka wuce majalisar dattawan layinku, wataƙila abokin mahaifinka ya hango ka kana shiga. Kunyar nan kaɗai ta hana mutane da yawa. Kuɗin ma na aljihu ne, in sun ƙare sun ƙare. Dare ya yi mai shago ya ja ƙofa.

Da caca ta koma waya kunya ta ragu, amma sawu bai ɓace ba. Kowace tura kuɗi tana barin alat. Sunan kamfanin yana fitowa a bayanan asusu. Matar da ta ɗauki wayar mijinta don ta tura kuɗin cefane tana iya gani, wan da ƙaninsa ke riƙe masa asusun shago yana iya gani. Asirin 'yan caca da dama ta nan ya tonu, aka zaunar da su tun kafin a kai ga sayar da babur ko fili. Ga shi kuma asusun banki yana tafe da BVN da lambar NIN, akwai iyakar abin da za ka iya turawa a rana.

Walet, wato ma'ajiyar kirifto, irin wanda mutum ke riƙe makullinsa da kansa ba ya tambayar suna, ba ya tambayar shekaru. Yaro ɗan aji biyar na sakandare zai buɗe shi a wayar yayarsa. Abin da iyali za su gani a banki bai wuce an tura wa wani mutum kuɗi ba, shi ne dillalin P2P, wato mai sayar maka da kirifto kai-tsaye, mutum da mutum. Daga nan sawu ya ɓace musu. Babu awa, babu iyaka, babu ranar hutu.

Kuma kada a ɗauka yaran nan ba su iya ba. A 2024 Notcoin da Hamster Kombat, wasannin dangwala waya a Telegram don tara kwabo, sun shiga kusan kowane gida a Arewa da sunan mainin. Da aka raba kwabban Hamster a watan Satumba na shekarar, galibin masu dangwalen ba su samu abin a zo a gani ba. Amma sun tashi da wani abu: sun iya buɗe walet, sun iya sayar da kwabo su karɓi naira, sun saba da Telegram, sun kuma ɗanɗani tunanin cewa waya za ta iya haifar da kuɗi ba tare da an yi sana'a ba. Kamfanin Chainalysis mai bin sawun kirifto ya sa Najeriya ta biyu a duniya wajen karɓar kirifto a rahotonsa na 2024, Indiya kaɗai ce a gabanta. Gidajen caca na waje sun san wannan lissafin sarai.

Dala goma ba ƙaramin kuɗi ba ce

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Mutumin da zai yi jim kafin ya miƙa naira 15,000 a shago, ba ya jin komai idan ya ga an rubuta 10 a fuskar waya. Alhali a farashin da dala ta daɗe tana kai-komo a kusa da naira 1,500, kuɗin ɗaya ne. A wannan farashin, USDT 50 ya haura mafi ƙarancin albashin naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Albashin wata guda na masinja ke nan, amma a shafin yana fitowa da lambobi biyu kacal. Hannu bai taɓa su ba, ido bai ga yawansu ba, zuciya ba ta jin zafin rabuwa da su.

In kuma da Bitcoin ko wani kwabo mai hawa da sauka aka biya, caca ta zama hawa biyu. Kana jiran sakamakon wasa, kana jiran farashin kwabo.

Sannan yawancin shafukan nan ba ƙwallo kaɗai suke da ita ba. Wasa ya tashi, Madrid ta yanke maka tikiti, kana cikin zafin rai, ga wasannin gidan caca nan a gefe, irin su ɗan jirgin nan da ke tashi ana ninka kuɗi har ya ɓace. Zagaye ɗaya 'yan daƙiƙoƙi ne. Wanda ya shigo don wasan Asabar sai ya wayi gari yana bin asararsa da ƙarfe uku na dare.

“Ai naira ce ke narkewa, gara in riƙe dala”

Wannan ita ce hujjar da na fi ji, kuma rabinta gaskiya ne. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 kowa ya ji a jikinsa. A Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a ƙididdigar hukuma. Wanda ya mayar da ajiyarsa dala bai yi wauta ba.

To amma bari mu yi lissafi, don a nan ake yaudarar mutane. Ɗauki wasan da ɓangarorin biyu suke kunnen doki. In da adalci za a yi, ninkin da ake kira odd zai zama 2.00 a kowane ɓangare. Kamfani ba zai ba ka haka ba, zai ba ka kamar 1.90. Ma'ana duk naira 1,000 da aka zuba, in aka daɗe ana yi, 950 ce ke dawowa ga masu zubawa, 50 ta kamfani ce ko wa ya ci wasan. Mutanenmu kuma ba wasa ɗaya suke ɗauka ba, dogon tikiti suke haɗawa don naira ɗari biyar ta zama miliyan. In ka jera wasa goma masu irin wannan ninki, ribar kamfani tana hawa kan kanta sau goma, abin da ke dawowa daga 1,000 sai ya koma kusan 600.

Hauhawar farashi mafi muni da muka gani a 'yan shekarun nan ta ci kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin kuɗinka a shekara guda. Dogon tikiti yana cin kashi 40 cikin ɗari a yammaci ɗaya. Ko da naira ka biya, ko da dala, ko da zinare, lissafin bai san bambanci ba. Ƙari ma, mai biya da kirifto yana asarar wani abu wurin dillali in zai saya, ga kuɗin turawa, ga wani ragin in zai mayar naira. Wanda ke son kare dukiyarsa daga faɗuwar naira ya bar USDT ɗinsa a walet. Da zarar ya tura shi gidan caca, maganar kare dukiya ta ƙare.

“Sirrina ne, kuɗina ne”

Sirri daga wa? Duk tura USDT ko Bitcoin a rubuce take a rumbun da kowa zai iya dubawa, kuma ba ta gogewa. Kasuwar da ka sayi kwabon, in babba ce, tana da hotonka da katin shaidarka. Shafin cacar ya san wayarka, ya san lokacin da kake shiga, ya san irin wasan da ke jan ka, da shi yake auna saƙon bonas da zai turo maka idan ka kwana biyu ba ka leƙo ba. Waɗanda aka ɓoye wa abin su ne matarka, da mahaifiyarka, da amininka. Wato daidai mutanen da za su riƙe hannunka.

Maganar “ba a neman shaida” ma ta lokacin zuba kuɗi ce. Duba sharuɗɗan shafukan nan, za ka tarar sun ajiye wa kansu ikon neman fasfo da shaidar adireshi duk lokacin da suka ga dama, da ikon riƙe kuɗi har sai sun gamsu. Lokacin da suka fi ganin damar kuwa shi ne ranar da mutum ya ci babban kuɗi ya zo cirewa.

To a ranar ina za ka kai kuka? Yawancinsu rajistarsu a wurare irin tsibirin Kurasawo take, can yankin Karebiyan. Ba su da ofis a Kano, ba su da shi a Legas. Tura kirifto ba ta dawowa, ba kamar banki ba da za ka je ka cike takarda a bi sawu. In ka yi kuskuren harafi a adireshi ko ka zaɓi hanyar da ba ita ba, kuɗin na iya tafiya ke nan. Ga shafukan bogi da ake kwaikwayon na gaske da su. Waɗanda CBEX, manhajar zuba jarin nan ta damfara, ta rufta da su a Afrilun 2025 sun san ɗacin neman kuɗin da suka fita ta wannan hanya, duk da ita ba da sunan caca ta zo ba. Ɗan caca kuma ya fi su shiga uku, don shi ko a gida ba zai iya buɗe baki ya ce an cuce shi ba.

“Caca dama haramun ce, me ya kawo zancen hanyar biya?”

Wannan daga ɗaya ɓangaren take zuwa, daga dattawa da malamai, kuma ina girmama ta. Hukuncin a fili yake. Aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida sun haɗa caca da giya, sun ce ƙazanta ce daga aikin Shaiɗan, sun kuma faɗi abin da take haifarwa: gaba da ƙiyayya da shagala daga salla. Kirifto bai ƙara wa haramcin komai ba, bai rage ba.

Amma sanin hukunci daban, sanin ta inda ɓarna ke shigowa daban. Malamanmu da kansu suke karantar da toshe kafar ɓarna, kuma ba a toshe kafar da ba a san inda take ba. A Oktoban 2024 Hisbar Kano ta rufe shagunan caca 30 a ranar farko ta samamenta, bayan koke-koken iyaye. Ban ga laifinta ba, iyayen nan kukan gaskiya suka kai. Sai dai yaron da aka kora daga shago wayarsa na aljihunsa. In wa'azinmu da samamenmu suka tsaya kan shago mai allon talabijin da ɗan injin buga tikiti, za mu yi ta murnar an tsaftace unguwa alhali cacar ta koma cikin ɗaki, ƙarƙashin bargo.

Kuma wannan ba damuwar Musulmi kaɗai ba ce. Ƙasashen da caca halal ce a dokarsu ma sun gane hanyar biya tana da nata haɗarin. Birtaniya ta hana caca da katin bashi tun Afrilun 2020. Ostireliya, inda cacar wasanni ta zama ruwan dare, ta hana biyan cacar intanet da katin bashi da kuɗin kirifto daga Yunin 2024. Brazil, uwar ƙwallo, da ta tsara dokokin kasuwar cacarta a 2024 ta cire kirifto daga hanyoyin biyan da aka yarda da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka. Mutanen nan ba wa'azi suke yi ba, asarar iyalai suka ƙirga.

Masu raba linki

Nan ne zuciyata ta fi ƙuna. Galibin gidajen cacar intanet suna da tsarin la'ada ga wanda ya kawo musu mutum, kuma wani sanannen nau'insa shi ne a ba ka kaso daga ribar da kamfani ya samu a kan wanda ka kawo. Ribar kamfani a kan ɗan caca kuwa sunanta ɗaya, asararsa. Ma'ana mai linkin yana samu ne idan kai ka faɗi, kuma muddin kana faɗuwa yana ci gaba da samu.

Ka duba wanda ake yi wa haka. Matashi ne da ya gama digiri ko difloma yana zaune, ya shiga zaure don ya koyi sana'ar zamani, yana kiran mai zauren “Oga” ko “Malam”, ya yarda da shi. Na san rashin aiki gaskiya ne, na san mai raba linkin ma wataƙila haya ce ta taso shi. Amma akwai bambanci tsakanin neman abinci da cin naman ɗan'uwa. Wanda ya koya wa mutane buɗe walet ya ɗauki amana. In ya juya ya nuna musu ƙofar gidan caca yana karɓar kamasho a kan hawayensu, ya ci amanar nan, ko da bai taɓa buga tikiti da hannunsa ba.

Ƙwallon kanta ta taimaka wajen wanke abin. A kakar 2019 zuwa 2020 Watford ta buga gasar Firimiya da tambarin Bitcoin a hannun riga, wani kamfanin cacar kirifto ne ya ɗauki nauyin. A 2022 Everton ta sa sunan Stake, wani gidan cacar kirifto, a ƙirjinta. Yaron da ke gidan kallo a Fagge ko Tudun Wada yana ganin sunan a jikin 'yan wasan da yake so, ta yaya zai ɗauka abin haɗari ne? Ƙungiyoyin Firimiya da kansu sun amince a 2023 su cire tallan caca daga gaban riga bayan kakar 2025 zuwa 2026. Su da suke cin kuɗin tallan ma sun ga abin ya yi yawa.

To a hana kirifto gaba ɗaya?

A'a. An gwada. A Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna taɓa harkar, sai kowa ya koma P2P inda ido ba ya kai wa, har bankin ya janye umarnin a Disamban 2023. Sake hanawa zai cuci ɗan kasuwa da mai aikin intanet da ake biya daga waje, ɗan caca kuma ya sami wata ɓarauniyar hanya.

Abin da ya kamata ya fi wannan sauƙi, kuma kayan aikinsa suna nan. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta soke aiki da dokar caca ta ƙasa ta 2005 a jihohi, ta ce hurumin na jihohi ne. A Maris ɗin 2025 aka sa hannu kan sabuwar dokar zuba jari da ta sa kadarorin kirifto ƙarƙashin SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari. Wato yanzu an san mai iko da caca, an san mai iko da kasuwannin kirifto. Saura su haɗa kai.

Jihohin da suka halatta caca su rubuta ƙarara cewa kamfani mai lasisinsu ba zai karɓi kirifto ba, sai ta asusun banki mai sunan mai wasan. Jihohin da suka haramta, irin Kano, su faɗaɗa dokarsu ta kai ga mai tallata shafin caca da mai karɓar la'ada a kansa, don shi yana nan cikin gari, ana iya kiransa. Masu kula da zaurukan kirifto na Hausa su mayar da shi doka cewa duk wanda ya saka linkin caca an cire shi, kamar yadda suke cire ɗan damfara.

SEC kuma ta wajabta wa kasuwannin da ta ba izini su riƙa tare tura kuɗi zuwa adireshin manyan gidajen caca. Adireshin nan ba ɓoyayyu ba ne, kamfanonin bin sawun kirifto sun daɗe suna yi musu alama. Su kuma samar da maɓallin da mutum zai kulle kansa da kansa. Wasu bankunan Birtaniya suna da shi tun 2018: ka kunna, katinka ya daina biyan caca, in ka nemi kashewa sai ka jira wa'adi kafin a buɗe. Wa'adin nan shi ne amfaninsa, don wanda asara ta hasala da tsakar dare ba zai iya buɗewa nan take ba. Mai walet na kansa da ya ƙudiri aniya zai iya zagayewa, na sani. Amma mafi yawan yaranmu ta manhajar kasuwa suke saye da turawa, kuma a nan ne doka take da hannun kamawa.